Rigar da Gogo Ta Ɗinka wa Hajiya 'Yar Kwatano

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da kuma miƙa wuya ga abin da ba ya gyaruwa, iyalan Malam Abdullatif Zaharaddin, mai shagon buga takardu da ke jikin gidansa a bayan tashar mota ta Dutsin-Ma, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da ɗalibai da maƙwabta, rasuwar kwamfutarsu ta tebur, wadda aka fi sani da Hajiya 'Yar Kwatano. Ta cika ranar Talata bayan azahar, cikin tsananin zafin bazara, tana tsakiyar aiki, bayan doguwar jinyar da ta yi a tsaye.

Ana roƙon duk wanda wannan takarda ta shiga hannunsa da ya karanta ta a zuci. In ya zama dole ya karanta wa wani, to ya yi nesa da zauren gidan, domin akwai tsohuwa a ciki wadda ba ta karatun boko amma kunnenta ƙalau yake. Dalilin roƙon zai bayyana a gaba.

Marigayiyar ba 'yar ƙasar nan ba ce. Ba wanda ya san inda aka haife ta, an dai san ta sha aiki a ofishin wasu Turawa har suka gaji da ita, ta biyo jirgin ruwa ta sauka Kwatano, daga nan ta hauro Arewa da tabo a gefenta da wata 'yar takarda manne a goshi, cikin yaren da har yau ba a samu mai karanta shi ba. A Kurfi ta fara zama, a wani ɗan shago kusa da sakatariya, tana rubuta wa mutane takardar neman aiki da ta neman canjin wurin aiki. A can Malam Abdullatif ya gan ta, ya ƙyasa, ya nema aka ba shi. A bayan babur ya kawo ta, rungume a ƙirji, yana yi wa ɗan acaɓa faɗa a kan kowane rami. Matarsa Mardiya ta ce ita kam ranar da aka kawo ta gidan ba a lallaɓa ta haka ba.

Kowa ya shaide ta da haƙuri. A kawo wuta ta yi aiki, a ɗauke ta yi shiru, a tada janareta ta tashi ba tare da mita ba. Ta buga wa ɗalibai kundin kammala karatu, har da na waɗanda rubutun hannunsu ya yi kama da sawun kaza, ba ta taɓa yi wa kowa dariya ba. Ta buga katin ɗaurin aure da na suna. Ta buga wa masunta da manoman rani na madatsar ruwan Zobe takardun ƙungiya. Ta buga sanarwar rasuwar mutane masu yawa a garin nan, ga shi tata sai da aka je shagon wani aka bi layi kafin a buga. Ba ta da yawan magana. Da safe in an taɓa ta, takan ce “ɗit” sau ɗaya, daga nan sai wani ɗan huci mai laushi, “huuu”, da za ta riƙe har yamma. Tuwon gidan Malam Abdullatif daga wannan hucin yake fitowa, kuma kowa a gidan ya san haka.

Dangane da ciwon ajalinta, maganganu sun yi yawa a gari. Wasu sun ce wuta ce aka kawo da ƙarfi, wasu sun ce baki ne. Iyalan sun ga ya dace su faɗi gaskiya sau ɗaya a rubuce, don kada a ci gaba da tambayarsu a ƙofar gida.

A shekarar da mutanen ƙauyukan bayan Rawayau suka fara barin gidajensu saboda masu zuwa kan babura, Gogo Kande, mahaifiyar Mardiya, ta iso Dutsin-Ma a ƙafa da rana tsaka. Ba ta fito da komai ba sai gwadon da ta yafa, wani fari mai kauri wanda uwarta ta saƙa mata da hannu lokacin aurenta. Wanda ya san halin mutanenmu ya san nauyin da ke cikin uwa ta zauna a gidan mijin 'yarta. Gogo ta ji wannan nauyin fiye da kowa. Tun ranar farko ta gaya wa Mardiya, a tsakar gida, da muryar da ta tabbata za ta kai zaure:

“Ke, ran da na ga na zame maku kaya, tahiya ta zan yi, in mutu a ɗakina.”

Ba kurari ba ne. Gogo ba ta faɗar abin da ba za ta yi ba. Kuma ɗakin nata, ko maƙwabci ɗaya bai rage a kusa da shi ba.

Shi kuwa Malam Abdullatif, mutum ne mai kunyar surukai irin ta da. Ba ya cin abinci inda za ta gan shi. Daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa, ya gaishe ta yana kallon ƙasa, ta amsa tana kallon bango. Tun da ya auri 'yarta, maganar da ta taɓa shiga tsakaninsu ba ta wuce “an tashi lafiya” ba.

Abu ɗaya ya hana Gogo sakat a birni, wato ƙarar babur. Ga gidan a bayan tasha, babura kuwa ba sa yankewa. Da ta ji ɗaya ya tunkaro sai ta saki abin da ke hannunta, jikinta ya ɗauki rawa. Ana haka ta gano cewa a bayan ƙofar da ta haɗa shago da zaure, hucin Hajiya 'Yar Kwatano yana ɗan danne ƙarar titi. Nan ta shimfiɗa tabarmarta, ta ɗauko kabarta da allura tana ɗinkin faifai, labule kaɗai ke tsakaninta da tebur. A wurin ne aka fara jin ta tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa.

To, ta gefen labulen nan ne ta lura da abin da ya dame ta. A duniyar Gogo ba a barin abu mai daraja a buɗe. Ƙwarya tana da faifai, randa tana da murfi, rediyon marigayi mijinta har ya lalace yana cikin rigarsa. Amma ga wadda ke ciyar da gida gaba ɗaya an bar ta haka nan. Gogo ba ta yi shawara da kowa ba. Ta sa almakashi a gwadon aurenta, ta raba shi biyu, ta ɗinka riga cif da jikin marigayiyar, da 'yar kafa ta wayoyi da wata ta maɓallin kunnawa, da igiyoyin ɗauri a baya, ta bi bakin da jan zare. Ta miƙa wa Mardiya.

“Ki ce mashi ba ni da abin ba shi. Wagga baiwar Allah ita ke ciyar da mu, bai kamata a bar ta tsirara gaban maza ba.”

A nan ne mai rubutu zai tsaya ya faɗi abin da ke ransa. Malam Abdullatif ba jahili ba ne. Yana ganin rigar gabansa ya faɗi, domin ya san abin da za ta yi. Amma ya kuma san gwadon, ya san shi kaɗai tsohuwar ta tsira da shi. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya yana fuskantar labule, ya sanya wa marigayiyar da kansa, ya ɗaure igiyoyin.

Ba a daɗe ba muryar Hajiya ta canza. “Huuu” ɗin nan mai laushi ya koma “wuuuu”, mai ƙarfi, kamar na mai hawan tudu da kaya. Daga bayan labule aka ji Gogo tana cewa Mardiya:

“Kin ji ta ko? Tun da ta samu sutura muryarta ta buɗe. Lahiya ta samu.”

Kuma ga abin takaicin: gwargwadon yadda marigayiyar ke ƙara kuka, haka ƙarar babura ke ƙara nisa da kunnen Gogo. Tsohuwa ta fara cin abinci sosai. Ta yi ƙiba a kumatu. Ita kuwa Hajiya ta fara nawa, a danna harafi sai ta yi tunani kafin ta rubuta shi. Daga baya ta fara suma da rana tsaka, allo ya yi baƙi ƙirin da aikin mutane a kai, sai an bar ta ta huce sannan ta farfaɗo.

Aka kira Munzali, mai gyara, wanda ya san ta tun zamanta na Kurfi. Ya ɗora tafinsa a kanta ya janye da sauri. Ya kwance igiyoyi ya buɗe cikinta, ya nuna wa Malam Abdullatif abin da ya riga ya sani: can tsakiya akwai ƙwaƙwalwarta, 'yar aba da ba ta kai kwalin ashana ba, wadda in tana aiki take zafi kamar kaskon waina. A kanta akwai wani ƙarfe mai haƙora da ke zuƙe zafin, a kan ƙarfen kuma fanka. Iska ta shiga ta gaba, ta kwashi zafi, ta fita ta baya, iyakar rayuwar ke nan. Rigar Gogo kuwa ta rufe gaba ta rufe baya.

“Malam, ai ba ta da wani ciwo,” in ji Munzali. “Cire mata wannan rigar kawai.”

Malam Abdullatif ya galla masa harara, ya nuna labule da haɓa. Munzali ya leƙa ya hango gefen tabarma, ya gane. Ya rage murya.

“To ni mi zan gyara? Ka toshe wa mutum hanci ka ce in ba shi maganin numfashi.”

“Yi dai abin da za ka iya.”

Ya yi. Ya goge fanka, ya share haƙoran ƙarfen da burushi, ya kankare tsohon man da ya bushe a kan ƙwaƙwalwar ya shafa sabo, wani fari mai kama da man goge baki wanda ke taimaka wa zafi ya wuce cikin ƙarfen. Ya rufe, ya mayar da rigar yana girgiza kai. Da zai fita ya durƙusa ya gaida Gogo, ta tambaye shi ya ga ɗinkin, ya ce ai bai taɓa ganin irinsa ba. Wannan kam gaskiya ya faɗa.

Kada wani ya ce ba a yi jinya ba. An yi. Malam Abdullatif ya janye tebur daga jikin bango. Ya ɗora marigayiyar a kan bulo biyu don iska ta samu hanya ta ƙasa. Ya ɗauko fankar ɗakin Mardiya ya kafa mata, Mardiya ta koma fifita da faifai tana yi masa kallon da ya fi magana. Ya jiƙa buhu ya rataya a taga. Ya sayi ƙanƙara ya ajiye a kwano a bayanta, yara suka shanye ruwan. Ya ce zai riƙa aiki da sanyin safiya kawai, sai masu wuta suka ga dama suka koma kawo ta da rana tsaka.

Sau ɗaya ya yi ta maza. Wata Juma'a Gogo ta shiga ciki salla, ya kwance rigar ya ninke ta da ladabi ya ajiye a kan kujera. Nan take muryar Hajiya ta sauka, ta koma “huuu” ɗinta na ƙuruciya, har idonsa ya kawo ruwa. Gogo ta dawo, ta ga rigar a ninke. Ta naɗe tabarmarta ta shige ciki. Da yamma aka fito da kwanonta yadda aka kai shi, kuma ta tambayi Mardiya a ina 'yan acaɓar Rawayau suke tsayawa. Kafin magariba rigar ta koma jikin mai ita.

Daga nan ya koma dabara. Ya sa reza ya yanka 'yar taga a bayan rigar, daidai inda iska ke fita, wurin da ido ba ya kaiwa. Amma Gogo ce ke share shagon kullum da safe, kuma ba ta sharar ganin ido. Ta gano ramin, ta tsine wa ɓerayen birni, ta kawo ƙyalle ta yi masa faci ninki biyu, ta kuma sa aka samo mage. Mardiya ma ta gwada tata. Ta zauna kusa da uwar ta fara, “Inna, rigar nan dama…” Gogo ta ɗago ta ce, “Ta yi dauɗa ko? Kawo in wanke.” Ta wanke ta shanya, kuma don kada baiwar Allah ta zauna tsirara kafin ta bushe, ta lulluɓe ta da bargo.

Haka aka shiga bazara. Waɗanda suka riƙa zuwa shagon a kwanakin nan sun sha tarar da Malam Abdullatif zaune, hannunsa a kan gefen marigayiyar, yana jin zafinta ta cikin gwado. Ya rame. Ba wai bai san mafita ba ne, igiya ce kawai zai ja. Amma a duk lokacin da ya kai hannu, sai ya jiyo 'yar waƙar nan daga bayan labule, ya tuna hanyar Rawayau, ya janye hannun. Kullum da safe yakan zaɓa, kuma kullum abu ɗaya yake zaɓa. Ya san yana kashe abincin gidansa a hankali, abin ya ci masa rai ƙwarai.

Ranar Talatar, garin ya ɗau zafi tun hantsi, ko ganye ba ya motsi. Wani ɗalibi mai suna Mahmuda yana tsaye a kansa, babin ƙarshe ake buga masa. Muryar Hajiya ta haura inda ba ta taɓa kaiwa ba, ta koma “garrrr”, ta yi “ƙas” sau ɗaya. Sai shiru. Wani ƙauri ya tashi. Malam Abdullatif ya danna maɓalli, ya sake dannawa, yana jiran “ɗit” ɗin nan guda ɗaya da ya saba ji kowace safiya. Bai zo ba. A cikin shirun, babur ya wuce ta ƙofar gida, aka ji faifai ya faɗi a bayan labule.

Munzali ya zo, ya duba, ya cire hularsa ya mayar. Ya ce fankar kan ƙwaƙwalwa ta gaji ta tsaya, ƙwaƙwalwar ta tafi, ta ja allon ciki da take zaune a kai sun tafi tare. Da ya zare rigar, sai ga cikin gwadon ya yi tabon ƙuna, ja-ja, daidai kan facin nan. Ya yi sauri zai ninke, amma labule ya riga ya motsa.

Jim kaɗan Mardiya ta shigo shago ba mayafi. Ta ce Inna tana ɗaure kayanta.

A nan Malam Abdullatif ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da ya yi aure. Ya bar gawa a kan tebur, ya shiga cikin gida, ya tuɓe takalmi a ƙofar ɗakin surukarsa, ya durƙusa, ya yi magana mai tsawo.

“Gogo, godiya na zo yi. Mai gyara ya ce tsufa ne. Ya ce da ba don rigar nan ba, da tun bara ta tafi.”

Daga ciki Gogo ta ce, tana kallon bango:

“Ita kau ƙunar da na gani?”

“Ai wutar ce gwadon ya tare. Da ba shi, da shagon ma ya kama.”

Mutumin da ba a taɓa kama shi da ƙarya ba ko a cinikin goro, ga shi ya jera biyu a durƙushe, zufa na ɗiga daga gemunsa. Ko ta yarda ko ba ta yarda ba, Allah ne masani. Abin da Mardiya ta gani dai shi ne, tsohuwa ta daɗe da ƙullin a cinyarta, daga baya ta sa haƙori ta kwance shi.

Marigayiyar ta rasu ta bar allon kallo, wanda tun ranar fuskarsa ba ta yi haske ba. Da allon rubutu mai giɓin harafi ɗaya. Da janareta, abokin wahalarta. Da kuma ƙanwarta firinta, wadda yanzu nauyin gida ya koma kanta, da ɗan abin da take samu na kwafin takardu. Faifan da take ajiye rubuce-rubuce a cikinsa ya tsira, saboda haka Mahmuda ya kwantar da hankalinsa, babinsa yana nan, ya kuma daina zuwa da asuba. Ta bar Malam Abdullatif da Mardiya da 'ya'yansu ba su san ta inda tuwon watan gobe zai fito ba. Ta kuma bar Gogo Kande, wadda ta fi kowa kuka.

Ba za a yi mata salla ba, liman ya ja kunne a kan wannan. Za a ɗauke ta ranar Alhamis da hantsi daga shagon zuwa rumfar Munzali, inda za a cire abin da zai amfani masu rai, sauran a miƙa wa masu sayen ƙarfe. Abu ɗaya ne ba zai bi ta ba, wato wata ƙaramar fanka ta biyu da ke bayanta, wadda aka tarar tana da sauran rai. Malam Abdullatif ya sa an haɗa ta da batir, an ajiye ta a bayan labule kusa da tabarma, tana “huuu” daga safe har yamma.

Za a karɓi gaisuwa a zauren gidan har kwana uku. Masu zuwa su ce tsufa ne. Wanda ba zai iya cewa tsufa ne ba, ya yi addu'a ya tashi. Kada a ambaci zafi, kada a ambaci iska, kada kowa ya zo da shawarar abin da ya kamata a yi tun farko, domin mai gidan ya fi kowa saninta.

Haka kuma, duk wanda ya leƙa shago ya ga abin da ake yi a can, ya kama bakinsa. Rabin gwadon nan ya rage. Yau da safe Gogo ta fito da shi, ta ce ba za ta bar marainiya a buɗe ba, ta shiga auna firinta da taƙi. Munzali ya ce ita ma da fanka take numfashi. Malam Abdullatif ya ji shi sarai, kuma shi ne ya riƙe wa Gogo ɗaya bakin ƙyallen.